Daga Gafakar Gimbana Zuwa Kwamfutar Aliero: Tarihin Kuɗin Laburaren Makarantunmu

'Yan uwana masu karatu, yau dai ku yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Waiwaye na zo mu yi, domin masu iya magana sun ce shi ne adon tafiya.

A sakandaren da na yi cikin shekarun 1990, akwai wani ɗaki a ƙarshen jerin azuzuwa wanda aka rubuta sunansa da Turanci a bisa ƙofa, wai laburare. Shekara shida na yi a makarantar, sau biyu tak na taɓa sa ƙafata cikinsa, kuma duk shara aka tura mu saboda za a yi baƙi. Sauran kwanakin ta taga muke leƙe, mu hango littattafai jere a kanta ƙura ta lulluɓe su, wasu ko fitar da su daga kwali ba a yi ba. Makullin yana hannun wani malaminmu, bawan Allah mai kirki, amma darussa sun yi masa yawa, ga tsoron kada littafi ya ɓace a cire a albashinsa. Ni abin da ya koya mini son karatu shagon hayar littattafai ne na bakin kasuwa, inda muke karɓar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, mu karanta cikin dare mu mayar da safe. Mai shagon nan bai yi ilimi mai zurfi ba, amma ya san kowane littafi, ya san hannun da yake, ya kuma san abin da zai ba ka idan ka gama wanda ka karɓa.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina, shin kuɗi ne babu, ko kuwa mai kula ne babu? Da na bi tarihin yankinmu na Jega da Aliero da Maiyama, sai na ga amsar ta fi karkata ga na biyun.

Zamanin gafaka

Kafin a san boko, ƙasar nan tamu ƙasar littafi ce. Gimbana, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Jega a yau, nan ne Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Harin da dakarun Gobir suka kai wa garin yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalami, wato Buhari, shi ya kafa garin Jega bayan jihadi. Can kuma a Gwandu, hedkwatar masarautar da duk garuruwan nan uku ke ƙarƙashinta, Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu har ya rasu a 1829. Cikin abin da ya bari akwai tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, da Tazyinul Waraƙati, da wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu.

Mai karatu ka lura da wannan na ƙarshen. A wurin magabatanmu ba a raba littafi da mutumin da ke riƙe da shi. Takarda tsada gare ta, daga Italiya ake kawo wata ta hanyar Tarabulus a kan raƙuma, mai ɗauke da tambarin jinjirin wata uku. Da hannu ake kwafe littafi, da tawada da alƙalamin kara, a sa shi cikin gafaka a rataye. Amma duk da tsadar nan littafi yana yawo, saboda zauren malam a buɗe yake, malam ya san wanda ya ara, ya san wanda ya isa karanta me. Babu wata hukuma da ta ware kasafi, sai zakka da sadaka da gumin almajirai.

Ɗakin karatun En'e

Da Turawa suka zo, sai littafi ya koma na ɗab'i. A Zariya aka yi gasar rubutu ta 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa a ƙarƙashin hukumomin En'e, domin jama'a su ji labarin yaƙi daga bakin gwamnati. Bayan samun 'yanci gwamnatin Sardauna ta gayyato wani masani daga Ostareliya mai suna F. A. Sharr ya duba buƙatun Arewa a fannin laburare. Rahoton da ya miƙa a 1963 ya ba horar da ma'aikata muhimmanci, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare. Ka ga tun wancan lokacin an gane cewa ɗaki da kanta ba su isa ba.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, makarantu suka cika maƙil da yara har a ƙauyuka. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa wadda ta ambaci laburare cikin abubuwan da makaranta ke buƙata, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar laburaren makarantu ta Najeriya a Ibadan. To amma da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986, Naira ta faɗi, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya gagari kowa. Cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991.

Ɗan Jega da harajin ilimi

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Daga 1988 zuwa 1994 shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, ɗan Jega ne, wato Attahiru Muhammadu Jega, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. A 1992 ƙungiyar ta shiga yajin aiki, gwamnatin Janar Babangida ta haramta ta, amma daga ƙarshe dole aka zauna aka sa hannu a yarjejeniya cikin watan Satumba. Da gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, malaman suka nuna mata inda za a samo su, suka ce a sa wa kamfanoni haraji na musamman don ilimi. Haka aka yi Doka ta 7 ta 1993, wadda ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da ke da rajista a Najeriya. Asusun da ake tara kuɗin shi ne ETF. Yarjejeniyar ta kuma sa aka riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanarwar jami'o'in tarayya don laburarensu.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, asusun ETF ba na jami'o'i kaɗai ba ne a farkonsa. Rabi ake ba manyan makarantu, ragowar rabin a raba tsakanin firamare da sakandare. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 zai tuna azuzuwa da kujeru da littattafai masu ɗauke da tambarin ETF. Sai dai a 2011 aka sake dokar, asusun ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horar da malamai.

Yanzu duba yadda abin ya faɗo a yankinmu. A 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. Ita tana cikin masu cin gajiyar TETFund, wanda ke da kaso na musamman don bunƙasa laburare, kuma muna murna da haka. Amma sakandaren da ke 'yar tazara kaɗan da ita, wadda daga cikinta ne ɗalibanta za su fito, an rufe mata wannan ƙofar tun 2011. Manomin albasa na Aliero ya san cewa wanda bai kula da iri a wurin reno ba, kada ya sa ran cika buhu ranar cira.

Ƙofofin da aka buɗe daga baya

Ban ce an bar ƙananan makarantu haka nan ba. A birnin Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokarsa ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa, kuma ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kuɗin ke sauka. A cikinsa akwai rabon kayan koyarwa da na horar da malamai.

Ta ɓangaren na'ura kuwa, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma cikin ayyukansa akwai kafa cibiyoyin kwamfuta da intanet a sakandaren gwamnati. A 2020 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 500 don shirin AGILE na ilimin 'yan mata, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko. A tsarinsa ana tura kuɗin gyara kai tsaye ga kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye da shugabannin gari ke ciki, ana kuma koya wa ɗalibai aiki da kwamfuta. Kada mu manta rance ne, 'ya'yanmu ne za su biya. A 2022 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya tare da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da wani dandalin darussa kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, wanda har da darussan Hausa a cikinsa, ana buɗe shi ta waya.

Me ya sa wannan ya zama dole? Saboda hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. A 2024 ita ma WAEC ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da ya taso a Mungadi ko Andarai cikin ƙasar Maiyama, ko a Kimba, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar da aka zaunar da shi gabanta agogo na gudu, da ɗan Abuja da ɗan Legas ake auna shi. Ko ya san amsa, rawar hannu ta ishe shi faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa zai riƙe makulli?

Idan ka jera abubuwan nan, daga ɗakin karatun En'e zuwa AGILE, za ka ga kusan duk bayan 'yan shekaru sai wani kuɗi ya zo da sabon suna. Abin da aka fi saye da shi gini ne da kaya, domin su ake gani, su ake ɗauka hoto ranar yanka kirtani. Albashin wanda zai zauna a ɗakin kullum ba ya cikin irin wannan tallafi, a wuyan jiha da ƙaramar hukuma yake. Kuma kwamfuta ta fi littafi saurin mutuwa idan babu mai kula. Littafi zai yi shekaru a kanta yana jira in gara ba ta same shi ba, ita kuwa kwamfuta batirin sola ɗaya ya lalace ko kuɗin intanet ya ƙare, shi ke nan ta zama kayan ado.

Aikin laburare sana'a ce mai zaman kanta, har da hukumar yi wa masu ita rajista wadda aka kafa da doka a 1995. Ma'aikacin laburare shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da aka ara, ya san littafin da ya dace da ɗan aji ɗaya da na ɗan aji shida, ya tsara wa kowane aji lokacinsa a kan na'ura. Shi ne kuma zai ji labarin tallafi idan an buɗe, ya rubuta takardar nema, ya ajiye lissafin da masu ba da kuɗi ke tambaya kafin su ƙara. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma ai sai an sami mai riƙe da dagi.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da kwamitocin makarantu na Jega da Aliero da Maiyama, idan kun je ziyara ku ce a buɗe muku ɗakin, ku nemi littafin rajistar aro ku ga ranar da aka yi rubutun ƙarshe a ciki. Inda babu ƙwararre, a rage wa malami ɗaya darussa a tura shi horo, a kuma cire masa tsoron cewa littafin da ya tsufa a hannun yara laifinsa ne. Ita ma jami'armu ta Aliero tana da ma'aikatan laburare da masana kwamfuta, ba zai gagara ba su riƙa tara malaman sakandaren da ke kewaye da su lokacin hutu suna koya musu.

Mu kuma marubuta da ke kukan an daina sayen littafi, mu tambayi kanmu kwafi nawa muka taɓa kai wa makarantar da ta koya mana baƙi da wasali. Ni dai na ɗaure kwali guda na littattafaina da na abokai zan kai tsohuwar makarantarmu, amma ba zan sauke shi daga kan babur ba sai an nuna mini wanda zai riƙe makullin, da kwanakin da zai riƙa buɗewa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace. Amin. Wassalamu alaikum.