Aminan Lambobi: Daga Bagadaza Zuwa Turai

A ɗauki 220, a jera lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba, ban da ita kanta: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110. Jimlarsu 284. Ita kuma 284, masu raba ta su ne 1, 2, 4, 71 da 142, jimla 220 cif. Wannan ne ya sa Girkawan dā suka kira su aminan juna.

Wajen shekara ta 100 Miladiyya, Nikomakus, mutumin Jarash da ke Jodan ta yau, ya kasa lambobi gida uku bisa wannan lissafi. Akwai kammalalliya, wadda jimlar masu raba ta ke dawowa kanta, kamar 6 da 28. Akwai mai rara, wadda jimlar ta zarce ta, akwai kuma mai giɓi, wadda jimlar ba ta kai ta ba. A tsakanin aminai, ƙaramar ce mai rara, babbar kuma mai giɓi.

Aka shafe ɗaruruwan shekaru ba a san wasu aminai ba sai waɗannan biyu. Har masu rubuta laya sun rungume su, domin Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima cewa ana amfani da 220 da 284 wajen ƙulla ƙauna tsakanin mutum biyu.

Malamin da ya fara buɗe hanya shi ne Sabit ibn Ƙurra, haifaffen Harran, wanda ya rasu a Bagadaza a 901. Dabararsa ta dogara ne kan samo lambobi uku waɗanda babu mai raba su sai 1 da kansu. Idan aka ɗauki 5, 11 da 71, to 4 sau 5 sau 11 ya ba da 220, 4 sau 71 kuma 284. Matsalar ita ce da wuya ukun nan su dace a lokaci guda. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi karatu a Tabriz, ya yi aiki da 23, 47 da 1,151 a farkon ƙarni na 14, ya fito da 17,296 da 18,416. A ƙarni na 17 Muhammad Baƙir Yazdi na Iran ya haura sama da 191, 383 da 73,727. Ya ninka da 128, sai ga 9,363,584 da 9,437,056. Ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya tabbatar da alƙalami da takarda cewa babu abin da ke raba 73,727, domin sai ya gwada duk lambobin da ba sa rabuwa har zuwa 271.

Turawa sun riski waɗannan lambobi da kansu: Fermat ya sanar da na al-Farisi a 1636, Descartes kuma na Yazdi a 1638, aka daɗe ana jingina musu ganowar. Daga baya Leonhard Euler ya faɗaɗa dabarar Sabit, zuwa 1750 ya tara kimanin aminai sittin.

Duk da haka manyan nan sun tsallake wasu ƙanana da ke gabansu. Wajen 1866 wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16, Paganini, ya nuna cewa 1,184 da 1,210 aminai ne, kuma su ne ke bin 220 da 284 a jeri. Dabarar Sabit ba ta haifar da su, shi ya sa masu binta suka wuce. Yanzu kwamfuta ta zaƙulo aminai fiye da biliyan ɗaya, kuma a cikinsu ba a taɓa samun inda ɗaya ke rabuwa biyu daidai, ɗayar kuma tana barin mara ba.