Jinin Dangi da Jinin Sa-kai: Tarihin Ƙarin Jini a Ƙasar Yauri

Tun kafin asibitin zamani ya iso gaɓar Kogin Kwara, mutanen Yauri da Ngaski da Shanga sun san fitar da jini daga jiki a matsayin magani, domin wanzami yakan yi wa mutum ƙaho a baya ko a ƙeya, ya zuƙe abin da ake ɗauka mataccen jini ne, a zubar da shi. Abin da ya zo baƙo shi ne a ɗibi jinin mai lafiya a zuba wa majinyaci. Wannan ilimi bai tsaya da ƙafarsa ba sai bayan 1901, lokacin da Karl Landsteiner ya gano a birnin Biyana cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne, kuma haɗa rukunan da ba su dace ba yana sa jajayen ƙwayoyin jini su cure su fashe. A 1914 aka gano cewa sinadarin sitiret yana hana jini daskarewa, a 1937 kuma Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a wani asibiti da ke Chicago, wato wurin da ake tara jinin da aka gwada a cikin sanyi kafin buƙatarsa ta taso.

A Arewacin Nijeriya, asibitocin koyarwa ne suka reni wannan fanni, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Alan Fleming ya yi aiki a kan ƙarancin jini, Kelsey Harrison kuma ya bi diddigin haihuwa 22,774 a binciken da aka buga a 1985, wanda ya nuna halin da matan da ba su je awo ba suke isowa asibiti a ciki. Amma tsarin da ya sauko zuwa manyan asibitocin garuruwa irin Yelwa ba na ma'ajiya ba ne, na musanya ne: likita ya rubuta leda biyu, ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce wa masu jinya su kawo mutanensu, su kuwa su bazama neman ɗa ko ƙane ko maƙwabci.

Buƙatar jini a wannan yanki tana da fuskoki sanannu. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi, adadi mafi yawa a duk Nijeriya, kuma wannan cuta ce take cinye jinin yaro da damina har tafin hannunsa ya yi fari. Bayan ita akwai zubar jini bayan haihuwa, da amosanin jini da ake kira sikila, da haɗarin mota. Tafkin Kainji, wanda ya cika bayan kammala madatsar ruwansa a 1968, ya ƙara nasa nauyi, domin tsargiya, cutar da ake ɗauka daga ruwan da dodon-koɗi yake rayuwa a ciki, tana zurar da jinin masunta da yara ta fitsari a hankali, ta yadda wanda aka kawo ya bayar sai a tarar shi ma nasa bai kai ba. Majinyacin da aka ɗauko daga wata tunga da ke tsallaken ruwa kuwa ya riga ya ƙarar da sa'o'i a cikin kwalekwale kafin a fara maganar jini.

Abin da mai bayarwa yake fuskanta a zahiri ya fi abin da yake tsoro sauƙi. Ana auna nauyinsa, wanda bai kamata ya gaza kilo 50 ba, a duba ƙarfin jininsa, a gano rukuninsa, sannan a gwada shi don cuta huɗu: ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Idan ya tsallake, sai a kwantar da shi a ɗibi kimanin mililita 450 cikin mintuna goma ko ƙasa da haka, kuma abin da ya fi yawan biyo baya shi ne jiri na ɗan lokaci, musamman ga wanda ya zo da yunwa bayan doguwar tafiya. Ruwan da ya rasa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin suna ɗaukar makonni, sinadarin ƙarfen da jiki yake gina su da shi kuma ya fi daɗewa, shi ya sa ake sa wata uku tsakanin bayarwa ga namiji, wata huɗu ga mace. Maltina da madarar gwangwani da dangi suke saya masa suna kwantar da hankali, amma hanta da nama da kifi da wake sun fi su amfani. Tsoron cewa ba da jini yana rage ƙarfin namiji ba shi da tushe, ko da yake har yau yana mayar da mutane gida daga bakin ƙofa.

Ɓangaren da ma'aikatan fannin suka fi jin nauyinsa shi ne sakamakon gwaji. Sau da yawa a nan ne magidanci yake fara jin cewa yana ɗauke da ciwon hanta, alhali 'yan'uwansa suna tsaye a waje suna jiran a ce ya dace, sai ma'aikaci ya rufa masa asiri da cewa jininsa bai hau ba. Wannan matsi na dangi shi ne raunin tsarin musanya, domin wanda ake kallo ba zai faɗi abin da zai hana shi bayarwa ba, kuma idan dangi suka gaza, sai a koma ga masu sayar da jininsu, waɗanda ake gabatarwa da sunan 'yan'uwa. Haka nan masana ba sa son miji ya ba matarsa da ke cikin shekarun haihuwa, domin jikinta yana iya haɗa garkuwar da za ta cutar da jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba.

Gyaran ya zo daga sama. Majalisar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 1975 da a dogara ga masu sa-kai marasa karɓar kuɗi, ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1980 ta tilasta gwaji, aka fitar da manufar ƙasa kan jini a 2006, Dokar Lafiya ta 2014 ta haramta cinikinsa, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar jini ta ƙasa. Sai dai cibiyoyin suna manyan birane kamar Kaduna da Sakkwato da Katsina, kuma ledar jini tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 6 ba yankewa idan ana so ta kai kwana 35. Abin lura ne cewa garuruwan da ke bakin tafkin da ake samar wa ƙasa lantarki da ruwansa su ma sun dogara ga janareta da firjin sola.

Ruwan jini, wato rawayan ruwan da ƙwayoyin suke yawo a cikinsa, wanda ya kai kimanin kashi 55 cikin ɗari na jini, shi ne ya fi nuna tazarar da ke tsakanin inda ake da kayan aiki da asibitin karkara. A Amurka inji yana tace shi ya mayar wa mutum ƙwayoyinsa, ana kuma biyan masu bayarwa, shi ya sa ƙasar take samar da mafi yawan wanda duniya take sarrafawa zuwa magani. A asibitin karkara kuwa, raba shi yana buƙatar injin juyawa da daskarewa cikin sa'o'i kaɗan, don haka jini cikakke ake ƙarawa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan ya fito ne daga ƙasa: 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ɗalibai da matasa suna ajiye sunayen mutane da rukunin jininsu a WhatsApp, ma'aikacin gwaji kuma ya san lambar wanda zai kira da tsakar dare idan aka rasa jinin rukunin O maras alamar Rh.