Daga Agogon Paley zuwa Shari'ar Dover: Tarihin Wata Gardama a kan Halitta

A cikin shekarar 1802 wani limamin kirista na ƙasar Ingila, William Paley, ya wallafa littafi a kan sanin Ubangiji ta hanyar duban halittunsa. Ya buɗe shi da wani misali wanda har yanzu ba a daina maimaita shi ba. Mutum ne yana tafiya cikin saura, ya yi tuntuɓe da dutse. In an tambaye shi yadda dutsen ya zo wurin, yana iya cewa tun azal nan ya ke. Amma in agogo ya tsinta, ya buɗe ya ga haƙoran ƙarfe suna juya juna, kowane da aikinsa, to, tilas ya tabbata akwai maƙerin da ya ƙera shi da nufi. Paley ya ce idon mutum da fiffiken tsuntsu sun fi agogo tsari nesa ba kusa ba, saboda haka su ma da Mai tsara su.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun tauhidi a zaure. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba ya riga Paley da shekara fiye da 600, ya kuma kira ta dalilin inaya, watau dacewar abubuwan duniya da bukatar ɗan Adam. Abin da Paley ya yi dabam shi ne ya ɗora hujjar a kan gaɓoɓi ɗaya ɗaya, ya ce ba wata hanya da za su samu sai ta ƙira kai tsaye. Nan ne raunin gininsa ya ke, domin duk ranar da wani ya nuna wata hanyar, ginin ya girgiza.

Wanda ya nuna hanyar kuwa almajirin littattafan Paley ne. Charles Darwin ya karanta su sa'ad da ya ke Jami'ar Kambirij tsakanin 1828 da 1831, ya kuma shaida da kansa cewa tsarin hujjojinsu ya ƙayatar da shi ƙwarai. Daga nan ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, ya yi shekara biyar yana zagaya duniya yana tara ƙwari da tsuntsaye da ƙasusuwan dabbobin dā. Ya komo gida a 1836, ya yi ta nazari fiye da shekara ashirin bai fito da ra'ayinsa fili ba, sai da Alfred Russel Wallace ya aiko masa da takarda daga tsibirin Ternate a 1858 ɗauke da irin wannan ra'ayi. Sa'an nan ya gaggauta, littafinsa a kan asalin jinsunan halittu ya fito ran 24 ga Nuwamba, 1859.

Maganar tasa gajeriya ce. 'Ya'yan kowace halitta ba su zama daidai da juna. Ana haihuwar fiye da waɗanda abinci zai ishe su. Waɗanda bambancinsu ya dace da wurin zamansu su ne su kan rayu su hayayyafa, 'ya'yansu su gaje su. In aka yi ta wannan tankaɗe da rairaya shekaru dubban dubbai, sai a sami gaɓar da ta yi kama da abin da aka ƙera da gangan. Muna da misalinsa a jininmu. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas, cewa wanda ya gaji ƙwayar amosanin jini daga ɗaya cikin mahaifansa ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro irin tamu, ko da ya ke wanda ya gaje ta daga duka biyu yana shan wuya.

Kuskure ne a zaci dukan masu addini sun taru gefe guda. Asa Gray, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard, kirista ne mai riƙo, shi ne kuma babban mai kāre Darwin a Amurka. A ganinsa juyin halitta hanya ce da Mahalicci ya zaɓa. Darwin bai gamsu da wannan sulhu ba. A wata wasiƙa da ya rubuta masa a 1860 ya kawo zancen wani ƙwaro dangin zanzaro wanda ke zuba ƙwai cikin jikin tsutsa, 'ya'yan su ci ta tana da rai, ya ce ya kasa ganin nufin alheri a nan. Haka kuma a ƙasashen Musulmi. Jamaluddin al-Afgani ya yi wa ra'ayin raddi mai zafi a 1881, alhali kuwa Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham, cikin Risalatul Hamidiyya ta 1888, ya bi wata hanya. Ya ce hujjojin da aka kawo ba su kai yaƙini ba tukuna, amma in sun kai, ba su rushe imani muddin an yarda Allah ne Mai halitta, ko nan take ko sannu a hankali. A ganina al-Jisr ya fi Paley hangen nesa, domin bai jingina imaninsa ga wani giɓi na ilmi wanda gobe a ke iya cike shi ba.

A Amurka ne gardamar ta bar zauren malamai ta shiga ɗakin shari'a, dalili kuwa shi ne tsarin mulkin ƙasar ya hana hukuma ta kafa wani addini, kotuna kuma suka ce hanin ya shafi makarantun gwamnati. A 1925 jihar Tenesi ta haramta koyar da cewa mutum ya samo asali daga wata dabba, aka gurfanar da malamin makaranta John Scopes a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Sai a 1968 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka, a shari'ar da ta taso daga jihar Arkansas. Masu adawa suka sake dabara, suka nemi a riƙa koyar da labarin halitta na Attaura kafaɗa da kafaɗa da juyin halitta, da sunan shi ma kimiyya ne. A 1987 Kotun Ƙoli ta soke wannan ma, a kan wata doka ta jihar Luwiziyana.

Bayan wannan hukunci ne sunan “tsarin mai hikima” ya bayyana. Masu shi suka daina ambaton Attaura da Mahalicci, suka ce su dai sun ga alamun tsari, ba su faɗi ko wane ne ya tsara ba. Lauya Phillip Johnson ya yi musu jagora da littafinsa na 1991, wata cibiya mai suna Discovery a birnin Seattle ta zama matattararsu. Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito daga Michael Behe, masanin sinadaran jiki, a 1996. Ya kawo misalin tarkon ɓera: in ka cire masa abu guda, ba ya kama kome. Ya ce haka wutsiyar waɗansu ƙwayoyin cuta ta ke, wadda ke juyawa kamar farfela, ba ta yiwuwa a gina ta kaɗan kaɗan tun da rabinta ba shi da amfani. Mai karatu zai lura agogon Paley ne ya komo, an dai mai da shi ƙarƙashin madubin likita. Masana ilmin halittu suka amsa da cewa gaɓa ta kan fara da wani aiki kāna ta koma wani, suka nuna cewa waɗansu sassan gindin wutsiyar suna da 'yan'uwa a wata na'ura da ƙwayoyin cuta ke tsarta dafi da ita.

A watan Oktoba na 2004 hukumar makarantu ta Dover, wani ƙaramin gari a jihar Pensilbeniya, ta yanke shawara a karanta wa yara sanarwa cewa ra'ayin Darwin yana da giɓi, a kuma nuna musu wani littafi na masu tsarin mai hikima wanda ya fara fitowa a 1989. Malaman kimiyya na makarantar suka ƙi karantawa, sai shugabanni suka shiga aji suka karanta da kansu. Iyaye 11 suka kai ƙara. Aka fara sauraro ran 26 ga Satumba, 2005, gaban alƙali John Jones, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, mai zuwa coci kuma, har waɗansu suka ɗauka hukumar ta riga ta ci.

Abin da ya kā da su tarihin littafin nan ne. Kotu ta sa aka kawo kwafensa na farko, Barbara Forrest, malamar falsafa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi kafin hukuncin 1987 kalmar halitta da danginta ne a ciki, bayan hukuncin aka bi aka musanya su da sabon suna a wurare kusan 150, ma'anar da aka ba su kuwa ba ta sāke ba. Behe ma ya sha tambayoyi. Ya amsa cewa bisa ga ma'anar da shi ya ba kimiyya, duban taurari ma zai shiga ciki. Da aka tara masa maƙalu 58 da littattafai a kan yadda garkuwar jiki ta samu, ya ce ba su wadatar ba.

Ran 20 ga Disamba, 2005, alƙali ya ba da hukunci mai shafi 139. Ya ce tsarin mai hikima ba kimiyya ba ne, kuma ba ya rabuwa da asalinsa na addini, saboda haka ba shi da wuri a ajin kimiyya na makarantar gwamnati. Ya kuma bayyana cewa kotu ba ta yanke hukunci a kan ko ra'ayin gaskiya ne ko ƙarya ba, ya ƙara da cewa juyin halitta bai musanta samuwar Mahalicci ba. Ba a ɗaukaka ƙara ba, domin tun a watan Nuwamba mutanen Dover sun kā da wakilai takwas na hukumar a zaɓe, sababbin kuwa ba su da sha'awar ci gaba. Hukumar ta biya kuɗin lauyoyi wajen dala miliyan ɗaya. Da ya ke ƙaramar kotun tarayya ce, hukuncinta bai ɗaure sauran jihohi ba, sai masu ra'ayin suka koma neman dokokin da za su ba malami damar kawo suka a kan juyin halitta cikin aji ba tare da ambaton mai tsarawa ba. Luwiziyana ta kafa irin wannan doka a 2008, Tenesi kuma, jihar Scopes, ta bi sahu a 2012.