Tarihin Hasashen Laifi da Kwamfuta a Amurka

A shekarar 1948 masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayani a kan hasashen da ke tabbatar da kansa, wato zato marar tushe wanda jama'a ke aiki da shi har ya zama gaskiya, kamar jita-jitar karyewar banki da ke sa masu ajiya su kwashe kuɗinsu, bankin ya karye.

Wannan illa ta shiga aikin 'yan sanda bayan 2011, lokacin da birnin Santa Cruz ya fara amfani da manhajar PredPol, wadda ke nazarin tsofaffin bayanan laifuka domin nuna unguwannin da za a tura sintiri. Sai dai inda aka yawaita sintiri nan ake yawaita kame, kamen kuma ya koma cikin bayanan a matsayin hujja. A 2016 masu bincike Kristian Lum da William Isaac sun nuna, da bayanan kamen miyagun ƙwayoyi na birnin Oakland, cewa tsarin zai fi matsa wa unguwannin baƙaƙen fata da talakawa, abin da yake zalunci ne ko da lissafin bai yi kuskure ba. A 2020 Santa Cruz ta haramta tsarin.