Shari'ar Giya a Jamus da a Zamfara

Tun 1516 dokar Bavariya, a ƙasar Jamus, ta ƙayyade abin da ke shiga tukunyar giya: ruwa, sha'ir da wani fure mai ɗaci. A 1986 masu dafa ta a birnin Kolon suka yi yarjejeniya cewa tasu, Kölsch, sai ta fito garau, marar nauyi. Can abin sha ake yi wa shari'a.

Mu nan mashayin ake tuhuma. Maguzawa sun dafa burkutu da dawa, malaman jihadi suka haramta. Turawa ma, bayan yarjejeniyar 1890, suka hana sayar mana da barasar waje, alhali su suna kurɓa a kulob. Ran 27 ga Janairu 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, Shari'a ta fara aiki a Zamfara, hukuncin mashayi ya zama bulala tamanin.