Toyota: Daga Saƙa Zuwa Tashar Makarfi

Jama'a, ko kun san Hiace ɗin nan da ke kwasar 'yan kasuwa daga Zariya zuwa Makarfi ranar Laraba jikanyar masaƙa ce? Wani ɗan Japan, Sakichi Toyoda, shi ya ƙera injin saƙa mai sarrafa kansa a 1924. A 1929 aka sayar wa wani kamfanin Ingila haƙƙin ƙera shi kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya karkata ga mota, ya kafa kamfanin Toyota a 1937. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967.

Lokacin ƙuruciyarmu Fijo ce sarauniyar tasha, tunda a Kaduna ake haɗa ta tun 1975. Da Naira ta karye bayan 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, sai 'yan Kwatano suka cika hanya.

Da kuɗin littafina na uku na haɗa da na gonar rake na saya wa yayana tsohuwar Hiace. Shekara tara tana jigilar mazarƙwaila da buhunan masara tsakanin Kudan, Hunƙuyi da Ikara. Da ita aka aurar da 'ya'yansa biyu. Makanikinsa yakan ce masa, "Alhaji, motar nan ba ta gajiya, ku ne ba kwa tausayi." Lodi kuwa shi ya kashe ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kakana ma masaƙi ne. Saƙarsu ta haifi mota, tamu kuwa masaƙun Kakuri ma sun zama kango.