Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Labarin Koya wa Manya Sana'a a Ƙasar Nijar

A shekara ta 2024 aikin Mishan na SIM ya cika shekara 100 a ƙasar Nijar. Muna yi wa Ubangiji godiya domin alherinsa da ya bi iyayenmu, har ya kawo mu yau. A lokacin biki irin wannan akan ƙidaya majami'u, da asibitoci, da makarantun yara, gama su ne ido ke gani. Amma akwai wani aiki wanda ba shi da hasumiya, ba shi da ƙararrawa, watau koya wa magidanta da matan aure abin da za su ci da kansu da shi. Labarinsa mu ke so mu bayar a nan, domin waɗanda za su ɗauki aikin bayanmu su san hanyar da aka bi.

Mafarin aikin

A shekara ta 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai Bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda a ke kiran ƙasashenmu a zamanin nan. Biyu daga cikinsu suka rasu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, a ƙasar Nufe. A 1924 aikin ya iso Damagaram, bayan wannan ya kai Tsibiri ta Gobir, da Maraɗi.

Mutanen da masu-bishara suka tarar ba jahilan sana'a ba ne. Kowace sana'a tana da makarantarta tun kaka da kakanni. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, ya daɗe yana kallon wuta kafin a ba shi masaba. Ɗan masaƙi yakan fara da wadari, ɗan baduku da jan zare, ɗan manomi kuwa da ƙaramar hauya a bayan ubansa. Ba allo, ba jarrabawa. A gani, a gwada, a gyara maka, ka sāke. Ran da garmar da ka ƙera ta shiga kasuwa aka saya, ran nan ka ci jarrabawarka. Dukan abin da ya yi albarka cikin koyarwar manya daga baya, bisa wannan tushe ya tsaya.

Karatu da fitila

Sana'a ta fari da aka koya wa manya ita ce karatu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, da rubutun boko, kowane mai-bi kuwa yana marmarin ya karanta da kansa. To, magidanci ba yaro ba ne. Yaro yana da shekaru a gabansa, shi kuwa yana da gona da iyali da haraji. Ba ya zuwa aji da damina, sai an kai hatsi rumbu. Ba ya zuwa da hantsi, sai da dare, a gewaye fitila. Kadan aka tsawata masa gaban 'ya'yansa, ko aka yi masa dariya domin ya kasa rarrabe b da d, ba zai yi gardama ba. Zai yi sallama da ladabi, ba kuwa za a ƙara ganinsa ba. Saboda haka malamin kirki yakan kira ɗalibinsa Malam, ko Baba, ya zauna tare da shi bisa tabarma ɗaya, ya fara da kalmomin da mutumin ke faɗi kullum: gona, hatsi, rijiya, da sunansa na kansa.

A wajen 1930 wani ɗan mishan na Amurka, Frank Laubach, yana aiki a tsibirin Mindanawo na ƙasar Filifin. Da kuɗin biyan malamai ya ƙare, aka kafa ƙa'ida cewa duk wanda ya koyi darasi sai ya koya wa wani. Dabarar nan ta bazu cikin ƙasashe da yawa. Mu kam ba baƙuwa ba ce gare mu, gama abin da Manzo Bulus ya umurci Timoti ke nan cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 2. Wanda ya koyi abu jiya ya fi kowa sanin inda ya ke da wuya.

Asibiti da gona

A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma asibitin kutare na Danja, kusa da Maraɗi. Likita ɗaya ba shi da hannu ɗari. Ya zama tilas a koya wa 'yan ƙasa wankin miki da ɗaurinsa, da yin allura, da dafa kayan aiki domin kashe ƙwayoyin cuta. Da yawa sun koya a tsaye ne, a bakin gadon majinyaci, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a bakin wuta. Aka kuma kafa makarantar noma a Maza Tsaye, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye. Mai-bishara na ƙauye ba ya rayuwa da albashi kaɗai. Kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti, haka shi ma sai ya riƙe hauya, mutanen gari kuwa sukan dubi gonarsa kafin su saurari wa'azinsa. Mata kuma a wurin taron zumunta suka koya wa juna ɗinki da saƙa da renon yara. Bayan da ƙasa ta sami mulkin kai a 1960, ekklesiya ta tsaya ƙarƙashin shugabanni 'yan ƙasa, aikin koyarwa ya riƙa komawa hannunsu.

Makarantar kututture

Babban darasi ya zo ne ta hanyar wahala. Farin da ya tsananta a 1973 ya kashe dabbobi, ya bar ƙasa tsirara. Iska takan binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku cikin damina guda. Mata sukan yi tafiya mai nisa neman itacen wuta, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki. Gwamnati da ƙungiyoyi da mishan duka suka dukufa ga renon dashe da rabawa. Aka yi taro, aka yi jawabi, aka dasa. Amma rana da awaki da gara suka cinye mafi yawansu.

A 1981 wani malamin gona daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi ƙarƙashin SIM. Wata rana a 1983 yana kai dashe ƙauye, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi, zuciyarsa a karye, ya yi addu'a. Sai idonsa ya faɗa bisa wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane ashe itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa, kowace shekara tana toho, kowace shekara kuwa a kan sassabe shi. Irinsa ba su ƙidayuwa cikin gonaki: sabara, da kalgo, da geza, da taramniya. Daji ne sukutum a ƙarƙashin ƙasa.

Aikin ba shi da wuya. Manomi ya zaɓi kututturen da ya ke so, ya bar toho mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ya sare sauran. Ya rage rassan gefe har wajen rabin tsawo, da kaifaffen gatari ko adda, yana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya tsage. Tun da saiwar ta riga ta kai ga laima, itacen yakan yi girma da sauri fiye da dashe. Mutum zai iya koyon wannan cikin yini ɗaya. Amma kafin jama'a su karɓa sai da aka yi shekaru.

Me ya sa? Domin manomi yana da hujjojinsa. An rene shi bisa cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share tas, mai barin sabara kuwa rago ne. Yana tsoron inuwa ta danne hatsi, tsuntsaye kuma su sami masauki. Bugu da ƙari, bisa doka itatuwa na hukuma ne. Kadan ya sare reshe a gonarsa, ma'aikatan gandun daji suna iya cin sa tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Manoma kaɗan da suka fara gwadawa sun sha dariya, waɗansu ma aka bi dare aka sare musu itatuwa.

A 1984 yunwa ta sāke faɗowa. Aka yi shirin ba da abinci a bakin aiki cikin ƙauyuka wajen 100, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar kimanin 500,000. Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya ga wannan zai ce aikin ya rushe. Ashe sauran kashi ɗayan nan shi ne makarantar. Waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta rage binne shuka, ganye ya zama taki, awaki sun sami abinci da rani, uwargida ta sami itacen wuta kusa da gida, har da na kaiwa kasuwa. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka ya ga hatsin bai ragu ba. Gani ya kori ji.

Daga nan ma'aikatan shirin suka bi hanya uku. Suka nemi yardar hukumar gandun daji, cewa wanda ya reni itace a gonarsa ya ci amfaninsa ba tara. Suka bar wa kowane manomi ya zaɓi irin itacen da zai bari, da yawansa, gama shi ya san gonarsa. Suka kuma riƙa kai manoma ziyara ƙauyukan da aikin ya kama, domin su ji daga bakin ɗan'uwansu. Manoma suka raɗa wa abin suna da kansu, sassabin zamani, ya bi bakin 'yan kasuwa da masu cin rani har inda ma'aikacin mishan bai taɓa sa ƙafa ba. Musulmi da Kirista suka koya wa juna, gama iska ba ta tambayar addinin mai gona. Bayan shekara ta 2000 masana suka gwama hotunan sama na dā da na sabon zamani, suka kimanta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, har da gawo mai yawa a ƙasar Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a Suwidin, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi hakkinsa bisa itacen da ya rena.

Abin da mu ke riƙe da shi

'Yan'uwa, ga abin da shekarun nan suka bar mana. Na ɗaya, a girmama babba, a tambaye shi abin da ya sani kafin a faɗa masa abin da bai sani ba. Na biyu, kadan ya ƙi, a bincika dalilinsa. Wataƙila doka ce ko bashi ko kunya ta tare shi, ba taurin kai ba. Na uku, a koyar da harshensa, a wurin aikinsa, da kayan da ke hannunsa, a lokacin da gona ta sake shi. Na huɗu, kyauta tana iya tara mutane, amma amfanin da mutum ya gani da idonsa shi ke riƙe shi. Na biyar, a mai da ɗalibi malami tun da wuri. Ubangijinmu Yesu, wanda mutanen garinsu suka sani da sassaƙa, manya ya kira, masunta da mai karɓar haraji. Ya koya musu da misalin shuka da taru da yisti, ya yi aiki a gabansu, sa'an nan ya aike su biyu biyu.

Yau samarinmu da yawa suna barin gida neman abin yi, waɗansu har ƙetaren hamada, ba dukansu ke komowa ba. Sana'o'in da su ke bukata sun ƙaru: gyaran babur da salula, walda, haɗa wutar hasken rana, noman rani. Kowace ekklesiya tana da tela, ko makanike, ko manomin kirki a cikinta. Bari dattawa su zauna su ƙidaya su, kowane ɗaya kuwa ya ɗauki mutum guda a wannan rani, mai-bi ko maƙwabci, ya koya masa har ya iya ci da kansa. Allah da ya rayar da saiwa cikin busasshiyar ƙasa, shi ba mu haƙuri da tawali'u na masu koyarwa. Amin.